Bidiyon jiƙon darbejiya da rigimar "kashe"

Bashir Ringim: Salamu alaikum. Abin nan ya ishe ni wallahi. Bidiyo ke yawo daga Gujungu har Maigatari: sel, wato ƙananan ƙwayoyin halittar jiki, masu koren haske a madubin likita, a zuba jiƙon darbejiya, haske ya dushe, mai talla ya ce "ga shi ya kashe bairos". Koren nan furotin GFP ne, umarninsa aka dasa wa bairos, sel ɗin da ya kamu shi ke ƙera shi. In jiƙon ya halaka sel ɗin, haske zai ɗauke. In aka daɗe ana dallara masa shuɗin haske mai nanomita 488, zai koɗe ko ba magani. Ina ramin farantin gwaji da ba a zuba wa jiƙon ba, a kwatanta?

Dokta Hadiza: Malam Bashir, gyara ɗaya. Ba a kashe bairos a cikin sel, hayayyafa ake hana shi. Maganin oseltamivir ma ba ya hana bairos ɗin mura shiga sel, wani furotin na bairos ɗin mai suna neuraminidase yake toshewa don sababbin ƙwayoyin bairos su kasa ɓallewa daga sel. Shi ya sa in ka zuba bairos da yawa, kowane sel ya kamu a tashin farko, sai ka ga kore ko'ina ka ce maganin banza ne. Kaɗan ake sawa, kamar ƙwaya ɗaya ga sel ɗari, a duba yaɗuwa bayan awa 24 da 48.

Auwalu Gumel: Ranki ya daɗe, to bilic da sabulu fa?

Dokta Hadiza: Wannan a kan teburi ne ko a hannu. Sabulu fasa rigar kitsensa yake yi.

Auwalu Gumel: Abin da ya fashe bai ƙara tashi ba, a Hausa ya mutu. Wuta ma kashe ta ake yi, rai gare ta?

Malam Isa Kazaure: Wuta daban, ɗakin gwaji daban. Abin da ba ya iya ƙera furotin ko ɗaya sai ya ari injin sel, ina ran da za a cire?

Bashir Ringim: Jama'a, ba ni na ce "kashe" ba, mai talla ne. Abin da nake so a ce da shi: faranti mai rami 96, inkibeta (akwatin ɗumama sel) a digiri 37 da iskar CO2 kashi 5. A tsarma jiƙon rabi-rabi har mataki takwas, kowane mataki rami uku. Faranti na biyu babu bairos, a auna da MTT, gwajin da ke nuna yawan sel masu rai, a ga inda sel ke mutuwa. Sai a raba CC50 (ƙarfin jiƙon da ke kashe rabin sel) da EC50 (ƙarfin da ke rage yaɗuwar bairos da rabi). In amsar ba ta kai kamar 10 ba, guba ce ta fi yawa. DMSO, sinadarin da ake narkar da magani a ciki, kar ya wuce kashi 0.5. Ramukan gefe a cika su da ruwa kawai, su ke fara bushewa.

Dokta Hadiza: Ko ya haye duk wannan bai zama magani ba. A 2020 kulorokwin ya yi aiki kan korona a sel ɗin Vero, na ƙodar biri, ya kasa a sel ɗin huhun mutum, don korona ta samu wata ƙofar shiga ta furotin TMPRSS2.

Auwalu Gumel: Ku likitocin mutane kullum raina na gida. Artemisinin, maganin maleriya, daga ina ya fito in ba ganye ba?

Malam Isa Kazaure: Maleriya ba bairos ba ce, ƙanena. Kuma mu maina muke cewa, ba darbejiya ba.

Auwalu Gumel: Yaya, itacen ɗaya ne, har dogonyaro ana ce masa.

Malam Isa Kazaure: Dogonyaro kuma na 'yan kudu ne.

Bashir Ringim: Ba wanda zai taɓa maganar ramin kwatanci?

Shugaban zaure, Malam Isa Kazaure: To, lokacin Magariba ya gabato, na rufe. Abin da zaure ya tsaya a kai: bairos ba shi da rai, don haka "kashe" kuskure ne, kamar yadda ni da Dokta muka nuna. Auwalu bai kawo hujja ba sai karin magana. Bashir, ka daina amfani da kalmar. Sunan itacen kuma maina.