Wace hanya ce ta samun intanet mai ƙarfi a ƙauye?

Mai tambaya:
Salam 'yan uwa, don Allah ina neman shawara, a ƙauyenmu sabis sanda ɗaya ce, wani lokacin sai ka hau tudu kana ɗaga waya sama kafin saƙo ya tafi, ga yara suna karatu ta intanet abin yana damuna wallahi.

Mai gyaran waya:
Wa alaikumus salam. Kafin ka kashe kuɗi gwada layin kowane kamfani, kuma da dare za ka gwada lokacin da kowa ya hau, nan ne gaskiya take fitowa. Wanda ya fi ƙarfi sai ka sa shi a rauta (na'urar da ke raba intanet ta wifi a cikin gida) ta 4G mai karɓar eriyar waje, ka ɗaura eriyar a dogon ƙarfe saman rufi ta fuskanci ƙarfen sabis, amma kar wayar eriyar ta yi tsawo sosai, tana cinye sigina.

Malamar makaranta:
Idan babu sabis kwata-kwata sai Starlink, ta tauraron ɗan Adam take aiki, tana son fili ba bishiya a kanta, ruwan sama mai ƙarfi yana ɗan rage ta. Ku haɗa kuɗi da maƙwabta.

Mai tambaya:
Na gode, wuta fa?

Mai gyaran waya:
Sola da batir ɗan uwa, rauta ba ta cin wuta sosai, Starlink ce mai ci.