Me ya sa mawaƙan zamani suke magana da bakin Mutanabbi da Hallaj?

Ɗalibin Adabi:
Assalamu alaikum, malamaina. Ina karanta waƙar da Amal Dunƙul, mawaƙin Masar, ya rubuta da bakin Mutanabbi, shahararren mawaƙin Larabawa na dā, yana zaman fadar Kafur, mai mulkin Masar a wancan zamani, kuma akwai abin da ya ɗaure mini kai. Mutumin da ke da ƙorafi a kan ƙasarsa ta yau, me zai sa ya ari bakin wanda ya rasu tun shekarar 965? Tsoron hukuma ne kawai, ko akwai wata hikima? Shin mawaƙan Farisa ma suna yin haka?

Malamin Balaga:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Masu nazarin adabin Larabci suna kiran wannan salo "ƙina'i", wato abin rufe fuska, kuma Abdulwahab al-Bayati na Iraƙi yana cikin waɗanda suka fara yin bayaninsa. Tsoro yana ciki, babu shakka. Bayan kayen da Larabawa suka sha a yaƙin 1967, Dunƙul ya nuna Mutanabbi yana yi wa Kafur kirarin takobi alhali takobin yana cikin kube tsatsa tana cinsa, kuma duk wanda ke Alƙahira a lokacin ya san inda aka dosa ba tare da an kama suna ba.

Amma ka dubi Badar Shakir al-Sayyab, wanda ya yi magana da muryar Annabi Ayuba, alaihis salam, yana kwance cikin jinyar da ta yi ajalinsa a 1964. Wace hukuma yake gudu a nan? Ciwonsa ne ya fi ƙarfin ya ce "ni", sai ya nemi muryar da mai sauraro ya riga ya san nauyin haƙurinta tun yana yaro.

Malama Mai Nazarin Farisanci:
Malam ya yi daidai, sai dai na lura da wani bambanci a Iran. Balarabe yakan shiga rigar mutumin dā ya yi magana daga cikinta, shi kuwa Bafarishe ya fi son ya kawo mai ba da labari. A 1959, shekara 6 bayan kifar da gwamnatin Firayim Minista Musaddaƙ, Siyawash Kasra'i ya sa wani tsoho cikin daren ƙanƙara yana ba yara labarin Arash, maharbin da ya zuba ransa a kibiya guda don ya shata iyakar ƙasarsa. Mahdi Akhawan Salis kuma ya zaunar da mu a gidan shayi, inda mai labari yake faɗin yadda Rustam, babban jarumin labaran Farisa na dā, ya faɗa ramin da ɗan'uwansa Shagad ya haƙa masa. Wannan ta fi taɓa ni, domin gwarzon da ya gagari maza a fagen fama, cin amanar gida ce ta kayar da shi.

Inda Larabawan da Farisawan suka haɗu shi ne kan Hallaj, sufin da aka kashe a Bagadaza a 922. Salah Abdussabur na Masar, al-Bayati da Shafi'i Kadkani na Iran duk sun koma gare shi.

Almajirin Zaure:
Malama, a kan Hallaj ɗin ne nake da damuwa. A wasan kwaikwayon da ya rubuta a kansa, Abdussabur ya mayar da shi mai fafutukar ƙwato wa talakawa haƙƙi, har wannan hoton ya kusa rufe sufin da muka sani a littattafan tasawwufi. Ina ganin a wasu wurare an ari bakinsa an ci masa albasa, don haka ina ba ɗalibinmu shawara ya fara karanta baitocin Hallaj na kansa kafin ya buɗe wasan kwaikwayon.