Wasannin Tsaunukan Sikotland: Wanne Ya Fi Dacewa a Je da Yara?

Baban 'Yan Biyu:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina zaune a Gilasgo da iyalina tun watan Oktoban bara, don haka wannan ce bazararmu ta farko a ƙasar Sikotland. Kwanan baya 'yan biyuna, masu shekara bakwai, suka dawo daga makaranta da labarin wani biki da ake kira Highland Games, wai an nuna musu hoton wani ƙato sanye da zane mai ratsi-ratsi yana cilla gungumen itace da ya ninka tsawonsa sau uku, kuma tun daga ranar ba su bar ni na huta ba. Da na bincika sai na tarar ashe bikin ba guda ɗaya ba ne, garuruwa da ƙauyuka da dama kowanne yana da nasa, tun daga Mayu har zuwa Satumba, sai dai sunan da ya fi yawan fitowa shi ne na Braemar. Ina roƙon waɗanda suka riga mu zama a nan su ba ni shawara a kan wanda ya fi dacewa da mai ƙananan yara, ganin cewa uwargida tana goyon jaririya 'yar wata goma, sannan su ɗan haska mini abin da ake kallo a wurin, domin ba na so mu je mu tsaya muna zare ido ba tare da mun san abin da ake yi wa tafi ba.

Dattijon Abadin:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na halarci irin wannan biki fiye da sau goma, kuma shawarata ita ce kada ka fara da Braemar. Ba don ba shi da kyau ba, domin shi ne mafi suna, ana yin sa ranar Asabar ta farko a watan Satumba, kusa da fadar Balmoral inda gidan sarautar Birtaniya ke hutu, kuma tun da Sarauniya Victoria ta halarta a 1848 gidan sarautar Birtaniya ya riƙe shi. Amma garin yana cikin tsaunuka, ba shi da tashar jirgin ƙasa, kujerun zama kan ƙare da wuri, kuma a tsaye cikin cunkoso yaro ɗan shekara bakwai bayan manya kawai zai gani. Ka nemi na ƙaramin gari, inda igiya ɗaya ce tak tsakaninka da fili. Akwai na ƙauyen Ceres da ke yankin Fife a ƙarshen Yuni, wanda shigarsa kyauta ce, kuma mutanen wurin suna danganta shi da 1314, lokacin da mayaƙansu suka dawo daga yaƙin Bannockburn, wanda suka yi a ƙarƙashin Sarki Robert Bruce na Sikotland.

Game da gungumen da yaranka suka gani, sunansa caber, kuma akwai abin da na shafe shekara biyu ina kallo ban fahimta ba. Ba nisa ake aunawa ba ko kaɗan. Ana miƙar da gungumen a tsaye, tsawonsa kusan mita shida, siririn ɓangaren yana ƙasa. Ɗan wasa zai jingina shi da kafaɗa, ya sarƙe yatsunsa, ya riƙa zamewa ƙasa a hankali har ya tallafo gindin a tafukan hannunsa, sannan ya miƙe yana tangaɗi kamar mai ɗauke da tulu cike da ruwa. Idan ya daidaita sai ya yi 'yar sassarfa, ya tsaya cak, ya cilla shi sama. Abin da ake so shi ne kan mai kauri ya soki ƙasa, gungumen ya wuntsila, ya faɗi miƙe sambal a gaban mai jifa. Alƙali yana binsa a baya yana kallon faɗuwar kamar fuskar agogo: idan ya kwanta a kan ƙarfe goma sha biyu daidai, jifa ta cika, idan ya karkata zuwa sha ɗaya ko ƙarfe ɗaya, maki ya ragu. Sau da yawa za ka ga gungumen ya tsaya a kan kansa na daƙiƙa ɗaya, fili ya yi tsit, sai kuma ya dawo baya, jama'a su yi ajiyar zuciya gaba ɗaya. Ka bayyana wa yaran wannan tun a gida, za ka ga su da kansu suna yanke hukunci kafin alƙali.

Sauran wasannin ƙarfi ba su da wuyar ganewa. Akwai jifan dutse, da jifan guduma mai ƙotar sanda wadda ake juyawa a saman kai ƙafafu na kafe wuri ɗaya, da ƙarfe mai nauyin kilo 25 da ake cillawa da hannu ɗaya ya tsallake sandar da aka gicciya sama, sai jan igiya da tseren hawan tsauni.

Maman Yara ta Dundee:

Baba ya faɗi gaskiya game da ƙananan garuruwa, ni kuma zan yi magana a kan abin da zai dami uwargidanka. Algaitar nan tasu mai jakar fata tana da ƙara ƙwarai, domin an yi ta ne don fili. Mai busa yana cika jakar da iska yana matsa ta da hammata, bututu uku da ke kan kafaɗarsa suna fitar da amo ɗaya ba tsayawa, na huɗun da ke hannunsa kuma shi ne mai fitar da waƙa. Guda ɗaya daga nesa daɗi gare ta, amma idan dukan ƙungiyoyin da suka zo suka haɗu suka ratsa fili tare da ganguna, har a ƙirji ake jin ta. Ni a lokacin ne tsigar jikina take tashi, kuma ba na son ya wuce ni, sai dai ɗan autana ya tsala ihu ranar farko, saboda haka ku saya wa jaririyar abin toshe kunne na yara kafin ku tafi.

Rumfar giya tana nan a yawancin wuraren, amma a gefe guda take, kuma da rana filin na iyali ne, da kakanni a kan kujerun naɗewa da yara suna guje-guje. Mu mukan tashi kafin yamma ta yi sosai. Abincinmu daga gida muke zuwa da shi, tunda ba kasafai ake samun naman halal a ƙauye ba, idan kuma kuna son ɗanɗana haggis ɗinsu, wanda ake yi da kayan cikin tunkiya da hatsin oat da albasa, akwai irin da ake yi da ganye da wake zalla. Ku ɗauki rigar ruwa ko da gari ya waye da rana, da abin shimfiɗa mai hana laima wanda zai yi muku amfani wajen zama da wajen salla, da man korar ƙananan ƙwarin nan masu cizo da ke damun mutane a yammacin ƙasar.

Kada kuma ku raina dandamalin rawa, ko da yake yawanci a lungu ake kafa shi. Yara mata ne suka fi yawa, wasu sa'o'in 'yan biyunka. A rawar takobi ana gicciya takubba biyu a ƙasa, yarinya ta riƙa tsalle a kan yatsun ƙafa tsakanin kusurwoyi huɗun, kiɗa yana ƙara sauri, kuma idan ta ture takobi ta faɗi gasa. Na taɓa ganin wata ƙarama ta gama ba ta taɓa ba, ta rusuna wa alƙali fuska a ɗaure, sai da ta sauko ta ga mahaifiyarta sannan ta fashe da dariya. Idan rawar ta burge ku, gasar duniya ana yin ta ne a bikin Cowal da ke Dunoon a ƙarshen Agusta, kuma daga Gilasgo jirgin ƙasa ne zuwa Gourock sannan jirgin ruwa.

Ɗalibin Tarihi:

Allah Ya ƙara girma, Baba, ina neman izinin ƙara bayani a kan shekarar 1314. Labari ne da mutanen Ceres suka gada kuma suke alfahari da shi, kamar yadda mutanen Braemar suke cewa Sarki Malcolm na Uku ya sa an yi tseren hawan tsauni a ƙarni na 11 don ya zaɓi manzo mafi gudu. Amma bikin a tsarin da muke gani yau na ƙarni na 19 ne. Bayan an murƙushe tawayen mutanen tsaunuka a Culloden a 1746, gwamnati ta haramta wa mazansu sanya wannan zane da ake kira kilt, in ban da sojoji, kuma ba a janye dokar ba sai 1782. Shekara arba'in bayan haka, a 1822, Sarki George na Huɗu ya zo Edinbura sanye da shi. A tsakanin waɗannan shekaru da bayansu an tashi dubban manoma daga gonakinsu don a yi kiwon tumaki, da yawa suka ƙaura zuwa Kanada da Amurka da Ostareliya, shi ya sa har yau ake irin wannan biki a can. Ina ganin ya kamata yara su ji wannan, domin zanen da suke gani a jikin masu jifa ya taɓa zama laifin da ake ɗaure mutum a kansa. Akwai ma rawa mai suna Seann Triubhas, wato tsohon wando a harshen Gaelic, wadda ake cewa tana kwaikwayon yadda suka yi watsi da wandon da aka tilasta musu.

Baban 'Yan Biyu:

Na gode ƙwarai, Baba da Hajiya da Malam, Allah Ya saka da alheri. Mun yanke shawarar fara da Ceres, idan kuma yaran sun iya zaman yini guda sai mu gwada Dunoon a Agusta, tunda jirgin ruwan ma kaɗai zai ishe su murna. Jiya da daddare na gwada musu batun ƙarfe goma sha biyu da sandar tsintsiya a tsakar ɗaki, kuma yanzu haka gardama suke yi a kan wanda zai zama alƙali. Hajiya, wata tambaya daga uwargida: keken jarirai yana tafiya a filin idan an yi ruwa, ko gara ta zo da zanen goyo?