Wane suna za mu raɗa wa "gizzard shad" da Hausa?

'Yan uwa, ina fassara wani rubutu kan tafkunan Amurka, sai na ci karo da kifin nan, na rasa sunan da zan ba shi. A kogin Misisifi da manyan tafkunan da ke tsakanin Amurka da Kanada yake rayuwa, masana kuma suna kiransa Dorosoma cepedianum. Dangin sardin ne, ɗan uwan bongan da ake kawo mana a ƙyafe daga kudu.

Wani ya ce mu bar shi "gizad shad". Ban yarda ba, domin Bahaushe zai karanta bai ga komai ba. Wani ya ce "bongan Amurka". Wannan ya fi, amma yana da 'yan uwa a Asiya, har da wanda mutanen Japan da Koriya ke ci, to su kuma fa?

Ni dai cikinsa na duba. Duk wanda ya taɓa fiɗar kaza ya san ƙundu, wato "gizzard" da Turanci: ka tsaga, ka tarar da tsakuwa da dusa a niƙe. Tumbin kifin nan haka yake, mai kauri ne, yana kwasar laka da yashi da ruɓaɓɓen ganye daga ƙasan ruwa ya niƙe. Daga nan aikinsa a tafki ya samo asali. Sinadarin fosforas da ke kwance cikin laka, shi ke tono shi ya saki a ruwa ta kashinsa, gansakuka ta samu taki, ruwa ya koma kore. Shi ya sa a tafkin Apopka na jihar Fulorida ake kwashe shi da raga tun 1993 don ruwan ya washe.

Yana ƙarami abincin manyan kifaye ne, amma saurin girmansa yakan sa ya fi ƙarfin bakinsu. Sanyi in ya tsananta sai su mutu rututu, mikiya da tsuntsayen ruwa su yi ta wasoso. Mutane ba su cika cinsa ba saboda yawan ƙaya, a ƙugiya ake sa shi don kama tarwaɗa.

An kawo "ƙundun ruwa", kamar giwan ruwa da ragon ruwa. Yana da daɗin faɗa, sai dai giwa da rago dabbobi ne sukutum, ƙundu kuwa gaɓa ce. Saboda haka na tsaya a kan "kifi mai ƙundu", jam'i "kifaye masu ƙundu". Sarkawanmu na Yawuri da Argungu, in akwai kifin da kuka riga kuka kira haka, ku sanar da ni kafin na miƙa aikin.