Taƙaitawa: wanke tsohon akwatin kifi na gilashi

To jama'a, kan tambayar yadda ake wanke tsohon akwatin kifi a sake amfani da shi, ga abin da na tsinta daga amsoshin da aka bayar:

1. Kowa ya yarda banda sabulu da omo, ragowarsu na kashe kifi. Ruwan ɗumi da binega sun isa cire farin dattin jikin gilashi.
2. A cika akwatin da ruwa a tsakar gida ya kwana, a ga ko yana yoyo, musamman wajen silikon, wato gam ɗin da ya haɗa gilasan.
3. Ruwan famfo sai an cire masa kulorin.
4. Filta, wato na'urar tace ruwan, ta yi aiki sati 4 zuwa 6 kafin a zuba kifi, su ma kaɗan-kaɗan.

Inda aka rabu shi ne bilic, wasu sun ce in kifin da suka zauna a ciki a da ciwo ya kashe su dole ne a wanke da shi, a ɗauraye sosai ya bushe, wasu kuma sun ce sam. Tsohuwar tsakuwar da ke ƙasan akwatin ma an rabu a kanta, ni dai zubarwa zan yi.