Andat ya sauka a dawata

Manomin Gadarif, Sudan: Salamu alaikum. Dawata ta fara nono, sai ga andat, ƙwaron nan mai wari, ya lulluɓe zangarniya, tsabar duk ta motse. Ina mafita?

Baba na Mai Wurno: Ɗana, tsotse ruwan ƙwayar yake yi da bakinsa mai tsini. Yi feshi yanzu, kafin ya gama da ita. Amma lokacin yaƙarsa na gaske rani ne, sa'ad da suke cunkushewa a jikin bishiyoyi suna jiran damina. In ka ga matattararsu, ka sanar da ma'aikatan gona.

Inna Sinnar: Ka leƙa riɗinka ma, ba ya ƙyale shi. A wasu yankunan Sudan har mai suke matsewa daga jikin ƙwaron. Ni dai warin nan ya ishe ni.