Shawarwari kan noman ƙaramin kabejin Brussels da dafa shi

Masu lambun bayan gida a Ingila da muka zanta da su sun haɗu a kan abu ɗaya: wannan kabeji, mai sunan babban birnin Beljiyam, ɗan sanyi ne. A yafa iri a Maris ko Afrilu, a dasa a Mayu ko Yuni da tazarar santimita 60. Sun nanata a danne ƙasa sosai a gindinsa, domin idan iska tana girgiza karan, 'ya'yan, wato ƙananan kabejin da ke fitowa a jikin karan, sukan buɗe maimakon su dunƙule. A rufe da raga saboda tantabaru da tsutsar malam-buɗe-littafi.

Girbi daga ƙasa ake farawa zuwa sama, kuma ya fi zaƙi bayan jaura ta sauka a kansa.

Wajen girki aka ɗan yi saɓani. Wasu tafasawa suke yi na minti 5, kuma idan ya wuce haka wari yake yi, ya yi laɓo-laɓo. Ni dai ina tare da masu gasawa: a raba kowane biyu, a shafa mai da gishiri, a sa a oben mai zafin digiri 200 a ma'aunin Celsius na minti 25. Idan gefensa ya yi ja, a barbaɗa yajin ƙuli.